Mene ne `ls`, kuma me yake faɗa maka idan ka ƙara masa `-l`?

Duk wanda ya buɗe taminal, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni a rubuce, a Linux ko macOS, da wuya ya yi minti biyar bai buga haruffan nan biyu ba: `ls`. Umarni ne da ke jero sunayen abubuwan da ke cikin folda. Idan ka buga shi shi kaɗai, sai ya nuna maka abin da ke cikin foldar da kake ciki. Idan kuma ka ba shi wuri, kamar `ls /etc`, sai ya leƙa can ya kawo maka labari, kai ko motsi ba ka yi ba. Tsoho ne tukuf a wannan sana'a. Yana cikin littafin jagorar Unix na farko, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar a Bell Labs cikin Nuwamban 1971, su ma daga tsarin Multics suka gaji sunan. Wanda yawancin Linux ke zuwa da shi yanzu na GNU ne, aikin Richard Stallman da David MacKenzie, na macOS kuwa daga zuriyar BSD ya fito. A Windows takwaransa shi ne `dir`, ko da yake PowerShell ma tana amsa `ls` a matsayin laƙabin wani umarni nata.

Kafin a kai ga haruffan da ake liƙa masa, akwai abin da ya kamata a gyara a kai tukuna. Hoton foldar da muka saba gani a allo ya sa mun ɗauka cewa fayiloli a cikinta suke kwance. A tsarin Unix ba haka abin yake ba. Folda rajista ce kawai, irin wadda ma'aikacin asibiti ke buɗewa ya ga sunan mara lafiya da lambar katinsa a gefe, alhali katin kansa yana can wani ɗaki. Kowane fayil yana da nasa katin, wanda masana ke kira ainod. A jikin katin aka rubuta mai fayil ɗin, girmansa, izinin da ke kansa, lokacin da aka taɓa shi, da wuraren da bayanansa suke a diski. Abu ɗaya ne babu a katin: suna. Suna a rajista yake zama. To `ls` tsurarsa rajistar yake karantawa. `ls -i` ya haɗa maka da lambar katin. `ls -l` kuwa sai ya bi kowace lamba, ya ɗauko katin, ya karanto maka abin da ke jiki. Wanda ya riƙe wannan, kusan duk abin da ke ɗaure wa sabon shiga kai zai warware masa da kansa.

Ga irin abin da `ls -l` ke fitarwa:

```
total 1224
-rwxr-xr-x 1 musa ofis     312 Jun 11  2023 ajiye.sh
drwxr-xr-x 3 musa ofis    4096 Mar  4 09:12 hotuna
-rw-r--r-- 1 musa ofis 1245184 Feb 27 16:40 rahoto.pdf
lrwxrwxrwx 1 musa ofis      10 Mar  1 11:05 sabo -> rahoto.pdf
```

Mu ɗauki haruffa goman farko, domin nan ne gizo ke saƙa. Na farkonsu shi ke faɗar irin abin: ɗan kara a kwance, wato `-`, fayil ne na yau da kullum, `d` folda ce, `l` mahaɗi ne da ke nuni zuwa wani suna. Idan ka leƙa `/dev` za ka ga `b` da `c`, waɗanda na'urori ne kamar diski da taminal ɗin kanta, kuma a gurbin girma lambobi biyu za ka tarar da waƙafi a tsakani. Sauran haruffa tara kashi uku ne, uku-uku: na mai fayil, na rukuninsa, sai na kowa da kowa. `r` izinin karantawa, `w` izinin rubutawa, `x` izinin gudanarwa. Inda ka ga kara, babu wannan izinin ke nan. Saboda haka `-rw-r--r--` da ke gaban rahoto.pdf na nufin musa na iya karantawa da gyarawa, 'yan rukunin ofis da sauran jama'a sai dai su karanta. Masu aikin sukan faɗe shi da lamba: `r` 4 ne, `w` 2, `x` 1, a tara na kowane kashi. Rahoton nan 644 ke nan, ajiye.sh kuwa 755. Idan ka ji wani ya ce "mai da shi 600", yana nufin mai fayil kaɗai ya karanta ya rubuta, kowa ya kama gabansa.

A kan folda fa? Haruffan dai su ne, amma ma'anar ta sauya, tun da yanzu rajista ake magana a kai. `r` shi ne a bar ka ka karanta jerin sunayen. `x` shi ne a bar ka ka bi ta cikinta har ka kai ga katunan. `w` shi ne a bar ka ka ƙara suna ko ka soke. Gwada cire wa wata folda `x` ka bar mata `r`, sannan ka buga `ls -l` a kanta. A Linux sunayen za su fito, amma wurin izini da girma da lokaci duk alamar tambaya za ka gani, ga ƙorafin hana shiga a sama. Ya karanta rajistar, an hana shi ɗauko kati. Juya abin kuma, a ba ka `x` babu `r`: ba za ka ga komai ba, amma idan ka riga ka san sunan fayil daidai, za ka iya buɗe shi.

Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne batun gogewa. Mutum zai kulle fayil ɗinsa, ya cire wa kowa izinin rubutu, ya kwanta da kwanciyar hankali, washegari ya tarar abokin aikinsa ya goge shi. Ba kutse aka yi ba. Goge fayil soke suna ne daga rajista, don haka izinin foldar ake dubawa, ba na fayil ɗin ba. Duk mai `w` da `x` a kan folda yana iya share abin da ke cikinta, nasa da wanda ba nasa ba. Wannan ne ya sa foldar `/tmp`, wadda kowa ke rubutu a ciki, take da wata alama ta daban. Buga `ls -ld /tmp` a Linux za ka ga `drwxrwxrwt`. Wannan `t` ta ƙarshe ita ke cewa kowa ya rubuta, amma ba mai goge na wani sai mai shi, ko mai foldar, ko babban mai iko wato root. Haka kuma idan ka duba `/usr/bin/passwd` a yawancin Linux za ka ga `-rwsr-xr-x`. Wannan `s` na nufin manhajar tana gudana da ikon mai ita, ba da ikon wanda ya kira ta ba, shi ya sa talakan mai amfani ke iya sauya kalmar sirrinsa a fayil ɗin da shi kansa ba shi da izinin taɓawa. Wani lokaci kuma za ka ga `+` ko ɗigo ko `@` a bayan haruffa goman. Alama ce cewa akwai ƙarin ƙa'idoji ko bayanai da layin bai nuna ba.

Lambar da ke biye, wadda kusan kowa ke tsallakewa, ita ce yawan sunayen da ke nuni ga katin. Fayil ɗaya na iya samun suna biyu ko goma a foldoji daban-daban, duk lambar kati ɗaya. Buga `ln rahoto.pdf kwafi.pdf` sai ka ga 1 ta koma 2 a layukan biyu, kuma `ls -i` zai nuna maka lamba iri ɗaya. Ba kwafi aka yi ba ko da ka kira shi haka, kuma babu na asali babu na aro. Ka goge ɗaya, ɗayan na nan daram. Sai lambar ta kai sifili, kuma babu manhajar da ke riƙe da fayil ɗin a buɗe, sannan diski ke karɓar wurinsa. Ita kuwa foldar hotuna da ke da 3, lissafin shi ne: sunanta a foldar da ke samanta, ɗigon da ke cikinta mai nufin ita kanta, sai ɗigo biyun da ke cikin ƙaramar folda guda da take ɗauke da ita. Haka ext4, ɗaya daga cikin tsare-tsaren ajiye fayiloli a diski, ke ƙirgawa. Wani tsarin mai suna Btrfs kuwa 1 kawai yake sa wa kowace folda.

Mahaɗi mai `l` daban yake. Shi ɗan ƙaramin fayil ne da ba ya ɗauke da komai sai sunan wani. Duba girman `sabo` a sama: 10. Ƙirga haruffan rahoto.pdf har da ɗigon, goma ne cif. Idan aka goge rahoton, mahaɗin zai ci gaba da nuni ga abin da babu, kuma `ls` mai launi yakan rina shi ja.

Girma da bait ake ba da shi. Ƙara `-h` don ya zo da sauƙin karantawa, sai 1245184 ta koma 1.2M. Da 1024 ake wannan lissafi. Idan ka sa `--si` a na GNU, da 1000 za a yi, fayil ɗin nan dai sai ya fito 1.3M. Amma kada 4096 da ke gaban hotuna ta ruɗe ka. Girman rajistar ce ita kanta, ba na hotunan ba. Folda mai bidiyon gigabait hamsin da foldar da babu komai a ciki duk 4096 za su iya nunawa. Mai son sanin nauyin abin da ke ciki `du -sh hotuna` zai buga. Shi kuma `total` na sama ba yawan fayiloli ba ne. Wurin da suka ci ne a diski, na GNU yana ƙirga shi da kilobait.

Lokacin da ke layin shi ne na ƙarshen sauya abin da ke cikin fayil, ba ranar da aka ƙirƙire shi ba. Idan ya haura wata shida sai a cire awa a sa shekara, kamar yadda ajiye.sh ya nuna 2023. `-u` na kawo lokacin da aka buɗe shi, `-c` kuma lokacin da aka taɓa katin, misali aka sauya izini ko mai shi. Mutane da yawa na ɗaukar `-c` a matsayin ranar haihuwar fayil, kuma kuskure ne. Wanda ke son ganin katin gaba ɗaya, `stat rahoto.pdf` ya fi `ls` ba shi amsa.

Sai ɓoyayyun fayiloli. Duk sunan da ya fara da ɗigo, kamar `.bashrc` ko `.ssh`, `ls` ba ya nuna shi sai ka ce `-a`, ko `-A` idan ba ka son `.` da `..` su cika maka ido. Babu wani abu a katin da ke cewa a ɓoye fayil. Sunan ne kawai. Rob Pike, wanda ya yi aiki a Bell Labs, ya ba da labari a 2012 cewa abin ma da gangan ba a yi shi ba: an so a tsallake `.` da `..` ne, sai aka taƙaita aikin da duba ko harafin farko ɗigo ne. Daga wannan gajeriyar hanya al'adar ta samo asali. Don haka ɗigo ba tsaro ba ne ko kaɗan, kawar da tarkace ne daga gaban ido.

Na jerantawa ba su da wuya: `-t` sabo a sama, `-S` mafi girma a sama, `-r` ya juya jerin, `-R` ya bi ƙananan foldoji har ƙasa. A ganina, idan mutum zai haddace haɗi ɗaya tak, to `ls -ltr` ne. Yana sa fayil mafi sabunta a can ƙasa, dab da inda idonka yake, ba sai ka koma sama kana nema ba. Shiga `/var/log` lokacin da wani abu ya lalace ka buga shi, layin ƙarshe yakan nuna maka inda za ka fara dubawa. `ll` da wasu ke bugawa kuwa ba umarni ba ne, laƙabi ne. A Ubuntu an saita shi ya zama `ls -alF`, a wata na'urar sai ka buga a ce ba a san shi ba. Jerin haruffa ma ya danganta da saitin harshen na'urar. Da `LC_ALL=C` manyan baƙaƙe ke riga ƙanana, sunan da ya fara da ƙ ko ɗ ko ɓ kuma sai bayan z yake faɗowa.

Akwai wani abu da ake jingina wa `ls` alhali ba aikinsa ba ne, wato tauraro. Idan ka buga `ls *.pdf`, shel ɗinka, wato manhajar da ke karɓar umarnin da kake bugawa, kamar Bash ko Zsh, ita ke fara buɗe tauraron ta maye gurbinsa da sunayen da suka dace, sannan ta miƙa wa `ls` jerin. Shi bai taɓa ganin tauraron ba. Shi ya sa `ls *` ke zazzage maka har abin da ke cikin ƙananan foldoji: an miƙa masa sunan folda, shi kuma in an ba shi folda buɗe ta yake yi. `-d` ke hana shi, ya tsaya a kan foldar kanta. `ls -d */` sai ya ba ka foldoji zalla.

`ls` don idon mutum aka yi shi, kuma yana lura da wanda yake magana da shi. A taminal yana jera sunaye gefe da gefe, amma da ka tura sakamakonsa ga wani umarni, kamar `ls | wc -l`, sai ya koma suna ɗaya a kowane layi. Wannan ke jan mutane su gina ƙananan shirye-shirye a kansa, kuma nan ake yin tuntuɓe. A Linux sunan fayil na iya ɗaukar kowane harafi in ban da `/` da bait ɗin sifili, har da sarari, har da sabon layi. Fayil mai suna `rahoton bara.pdf` sai shirin ya ɗauke shi fayil biyu, `rahoton` da `bara.pdf`, in kuwa umarnin da ke gaba na gogewa ne, to an shiga uku. Tun sigar 8.25 ta 2016, `ls` na GNU yana kewaye irin waɗannan sunaye da alamar zance a taminal, amma ba ya yin haka idan an tura sakamakon wani wuri. A cikin shiri, a bar shel ta jero da kanta da `for f in *`, a riƙa sa `"$f"` cikin alamar zance, ko a yi amfani da `find` tare da `-print0`.