Gudummawar siyasa ta attajiran kasuwar kuɗi a Amurka

Gudummawar siyasa ta attajiran kasuwar kuɗi ita ce dukiyar da masu bankuna da manajojin kamfanonin jujjuya jari ke bai wa 'yan takara, jam'iyyu da kwamitocin yaƙin neman zaɓe, domin a riƙa jin ta bakinsu idan an zo tsara dokokin haraji da na harkar kuɗi. A Amurka aka fi bin diddigin wannan al'amari, saboda doka ta wajabta a bayyana yawancin abin da aka bayar, kuma ɓangaren bankuna da inshora da gidaje ya daɗe a sahun gaba wajen bayarwa. Galibin kuɗin halal ne a idon doka. Ba kasafai ake ciniki a fili ba, a ce ga kuɗi ga ƙuri'a. Abin da mai bayarwa ya fi samu shi ne ƙofa a buɗe, da damar sa hannu a ƙananan sassan doka waɗanda jama'a ba sa karantawa.

Tarihi

A zaɓen shugaban ƙasa na 1896, Mark Hanna, attajiri daga jihar Ohio, ya jagoranci yaƙin neman zaɓen William McKinley. Abokin hamayyarsu, William Jennings Bryan, yana son a buga kuɗi da azurfa ba zinariya kaɗai ba, abin da ya tayar wa masu ba da rance hankali. Hanna ya bi bankuna yana yanka wa kowanne kason da zai bayar gwargwadon jarinsa, har ya tara kusan dala miliyan 3.5, kuma McKinley ya ci. Ƙorafin da ya biyo bayan irin wannan tara kuɗi ne ya haifar da Dokar Tillman ta 1907, wadda ta hana kamfanoni bai wa 'yan takarar tarayya kuɗi kai tsaye.

Bayan abin kunyar Watergate, wanda ya kai Shugaba Richard Nixon ga yin murabus, majalisa ta sa iyaka a kan gudummawa a 1974, ta kuma kafa hukumar sa ido kan kuɗin zaɓe, FEC. Daga nan ne kotuna suka shiga warware saƙar. A shari'ar Buckley da Valeo ta 1976, Kotun Ƙoli ta yarda a taƙaita abin da mutum zai miƙa wa ɗan takara, amma ta ce hana shi kashe kuɗinsa da kansa don yaɗa ra'ayinsa tauye 'yancin faɗin albarkacin baki ne. Dokar McCain da Feingold ta 2002 ta toshe kuɗin da ake zuba wa jam'iyyu ba iyaka. Sai a Janairun 2010, a shari'ar Citizens United, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka ce kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago na iya kashe ko nawa ne a kan zaɓe muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba. Wani hukuncin kotun ɗaukaka ƙara a Maris na shekarar ya buɗe hanyar kwamitocin da ake kira Super PAC, masu tara kuɗi su kashe a kan zaɓe da kansu ba tare da miƙa wa ɗan takara ba. A 2014 kuma shari'ar McCutcheon ta cire iyakar jimillar abin da mutum ɗaya zai rarraba wa 'yan takara da jam'iyyu.

Hanyoyin da kuɗin ke bi

A zagayen zaɓen 2024, mutum ɗaya ba zai bai wa ɗan takarar tarayya fiye da dala 3,300 a kowane zaɓe ba. Wannan ba komai ba ne a wurin mai biliyoyi, don haka akan bi wasu hanyoyin. Akwai masu tattaro gudummawa: babban manaja ya shirya liyafa a gidansa, ya gayyato abokan aiki da abokan ciniki, kowa ya rubuta cakinsa daidai iyakar doka, shi kuma ya miƙa su a dunƙule. Ɗan takara ya san hannun da ya kawo. Shugabannin ƙasa daga manyan jam'iyyun biyu, Dimokurat da Rifablikan, sun saba saka wa irin waɗannan mutane da muƙamin jakada a ƙasashe masu daɗin zama.

Super PAC ba ta da iyaka. Timothy Mellon, jikan mai banki Andrew Mellon, ya bai wa kwamitin da ke goyon bayan Donald Trump dala miliyan 50 a rana ɗaya a ƙarshen Mayun 2024. George Soros ya zuba dala miliyan 125 a kwamitinsa mai taimakon 'yan Dimokurat gabanin zaɓen 2022. Ken Griffin na kamfanin Citadel, Paul Singer da Jeff Yass suna cikin manyan masu bai wa 'yan Rifablikan, kamar yadda marigayi James Simons ya kasance a ɗaya ɓangaren. Sharaɗin cewa kwamitin ba zai haɗa baki da ɗan takara ba ya fi ƙarfi a takarda, tunda sau da yawa tsofaffin hadiman ɗan takarar ne ke tafiyar da shi.

Hanya ta uku ita ce ƙungiyoyin da aka yi wa rajista da sunan jin daɗin jama'a, waɗanda doka ba ta tilasta musu bayyana masu ba su kuɗi ba. Sam Bankman-Fried, mai kasuwar kirifto (kuɗin intanet) ta FTX, ya bayar da kusan dala miliyan 40 a fili a zaɓen 2022, mafi yawa ga 'yan Dimokurat, daga baya ya ce ya bai wa 'yan Rifablikan ma ta ɓoyayyiyar hanya. An same shi da laifin zamba a 2023, aka yanke masa shekara 25.

Abin da kuɗin ke saya

Ɗan majalisa a kullum cikin neman kuɗi yake. Wani jadawali da jam'iyyar Dimokurat ta nuna wa sababbin 'yan Majalisar Wakilai, wanda ya fito fili a 2013, ya ware awa huɗu a rana don buga wa masu bayarwa waya. Mick Mulvaney, tsohon ɗan majalisa, ya shaida wa taron masu bankuna a 2018 cewa lokacin yana majalisa, ɗan kamun ƙafar da bai taɓa ba su kuɗi ba ba ya magana da shi, wanda ya bayar kuwa mai yiwuwa ya saurare shi. Masu bincike Joshua Kalla da David Broockman sun gwada hakan a ofisoshin 'yan majalisa 191: idan aka ce masu neman ganawar masu ba da gudummawa ne, damar ganin ɗan majalisar ko babban hadiminsa takan ninka sau uku zuwa huɗu.

Misalin da aka fi kawowa shi ne harajin kason riba. Manajan da ke jujjuya jarin wasu yakan karɓi kashi 2 cikin 100 na jarin a matsayin ladan aiki, da kashi 20 na ribar da aka samu. Wannan kashi 20 ɗin doka ba ta ɗauke shi albashi ba, ta ɗauke shi ribar jari, don haka harajinsa kashi 20 ne maimakon kashi 37 da mai babban albashi ke biya. Idan asusu ya ci ribar dala miliyan 100, manaja ya ɗauki miliyan 20. Harajinsa miliyan 4 ke nan maimakon miliyan 7.4, kafin a haɗa ƙananan ƙari. Tun 2007 ake kawo ƙudurin soke wannan rangwame. Obama ya yi alkawari, Trump ya yi a 2016, Biden ma ya yi. Dokar haraji ta 2017 iyakarta ta ce sai an riƙe kadara shekara uku kafin a ci moriyar. A 2022, lokacin da Majalisar Dattawa ta rabu 50 da 50, Sanata Kyrsten Sinema ta Arizona ta ƙi ba da ƙuri'arta ga babban ƙudurin jam'iyyarta sai da aka cire sashen da zai ƙara matse rangwamen. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa a cikin shekara ɗaya kafin nan ta karɓi kusan dala miliyan 1 daga mutanen wannan sana'a. Babu wanda ya nuna ta karya doka, amma masu suka sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Wani lokacin har alƙalami ake miƙa musu. Bayan rikicin kuɗi na 2008, Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta umarci bankuna su fitar da wasu cinikayya masu haɗari daga sashen da gwamnati ke ba inshorar ajiya. A 2013 jaridar New York Times ta gano cewa a ƙudurin sassauta wannan sashe, layi sama da 70 cikin 85 sun yi daidai da shawarar da 'yan kamun ƙafar bankin Citigroup suka rubuta. A Disambar 2014 aka cusa shi cikin kasafin kuɗin da dole a zartar ko gwamnati ta tsaya cik, ya kuwa wuce.

Kuɗi na aiki da tsoro ma. A 2024 kwamitin Fairshake, wanda kamfanonin kirifto Coinbase da Ripple da kamfanin zuba jari Andreessen Horowitz suka fi ɗaukar nauyinsa, da rassansa, sun kashe kusan dala miliyan 40 a Ohio don taimakon abokin hamayyar Sherrod Brown, shugaban kwamitin bankuna na Majalisar Dattawa kuma mai sukar kirifto. Tallace-tallacen da ƙyar suka ambaci kirifto. Brown ya faɗi. Jihar dama ta karkata ga Trump, don haka ba za a ɗora faɗuwarsa a kan kuɗin kaɗai ba, sai dai sauran 'yan majalisa sun gani. A Yulin 2025 aka sa hannu a Dokar GENIUS, wadda ta tsara harkar wani nau'in kuɗin kirifto, da masana'antar ta daɗe tana nema, da ƙuri'un jam'iyyun biyu.

Saɓanin masana

Kuɗi ba ya tabbatar da nasara a akwati. Michael Bloomberg ya kashe sama da dala biliyan 1 na aljihunsa a zaɓen fidda gwanin shugaban ƙasa na jam'iyyar Dimokurat na 2020, yankin Samowa ta Amurka kaɗai ya ci. Stephen Ansolabehere da abokan aikinsa sun nuna a 2003 cewa da wuya a ga gudummawa ta juya ƙuri'ar ɗan majalisa a zaure, domin masu bayarwa sukan bi wanda dama ra'ayinsu ɗaya. Martin Gilens da Benjamin Page kuwa, da suka duba batutuwa 1,779 a binciken da suka fitar a 2014, sun ce ra'ayin masu hali da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ya fi na talaka tasiri nesa ba kusa ba. Ƙirga ƙuri'un zaure ba ya kama ƙudurin da aka kashe tun a kwamiti, ko jimlar da aka sauya kafin a buga takarda.

Hukunci kuma da wuya. A shari'ar tsohon gwamnan Bajiniya Bob McDonnell a 2016, Kotun Ƙoli ta ce shirya wa mutum ganawa ko buga waya a madadinsa kaɗai bai kai aikin hukuma da za a kira cin hanci ba. Hukumar FEC tana da kujeru shida, jam'iyya ɗaya ba ta wuce uku, kuma duk wani babban mataki sai da ƙuri'a huɗu, shi ya sa ƙorafe-ƙorafe da dama ke mutuwa a uku da uku. A Mayun 2025 kwamishinoninta suka ragu ƙasa da huɗu, ta rasa ikon yanke hukunci ko cin tarar kowa.