Wasiyyar 1138 da 'yan ubancin da ya raba Poland

Kafin a yi maganar wasiyyar da Boleslaw na Uku, mai mulkin Poland, ya bari, sai an fara da idanun Zbigniew. Shi yaya ne ga Boleslaw na Uku, uba ɗaya uwa daban, 'ya'yan gidan Piast da ke sarautar Poland tun zamanin Mieszko na Ɗaya, wanda ya auri gimbiya Dobrawa ta Bohimiya ya karɓi Kiristanci a 966. 'Yan uwan biyu sun yi shekaru suna fafatawa kan gado. Daga ƙarshe Boleslaw ya bar yayansa ya dawo daga gudun hijira, sannan ya sa aka makantar da shi wajen 1112. Zbigniew bai daɗe ba ya mutu.

A ganina tsoron wannan jini ne ya rubuta wasiyyar da Boleslaw ya bari a 1138. Ya ga 'ya'yansa ma 'yan uba ne: babban, Wladyslaw, ɗan Zbyslawa ta Kiev, sauran kuwa 'ya'yan Salomea ta Berg. Sai ya yanka wa kowa ƙasarsa. Wladyslaw ya sami Silesiya, Boleslaw ƙarami Mazobiya, Mieszko yankin Poznan. Ya kuma gindaya cewa mafi shekaru a zuriyar shi zai riƙe Krakow, ya zama uban gida. Autan, Kazimierz, bai tashi da komai ba.

Rabon Salomea ne ya kunna wutar. An ba ta yankin Leczyca ta ci har ƙarshen ranta, da ta rasu a 1144 sai Wladyslaw ya kai hannu. Marubutan wancan zamani sun ɗora laifin a kan matarsa Agnes, 'yar uwar Konrad na Uku sarkin Jamus, wai ita ke zuga shi ya haɗiye rabon ƙannensa. Ni dai na fi ganin laifin tsarin: an ba mutum sunan babba, ba a ba shi ƙarfin da zai tanƙwara kowa ba. A 1146 ƙannen suka kore shi, ya mutu a Jamus a 1159. Autan da aka manta shi ne ya hau Krakow a 1177, alhali yayansa Mieszko na raye, ƙa'idar shekaru ta bi ruwa.

Daga nan kowace ƙasa ta riƙa rabuwa tsakanin jikoki. A 1227 aka kashe Leszek na Krakow a wurin taron sarakuna a Gasawa. Matan gidan sukan ɗinke abin da mazan suka yaga. Da Konrad na Mazobiya ya kama Henryk na Silesiya a 1229, Jadwiga matar Henryk ce ta tafi Plock da kanta ta karɓo mijinta, aka kauce wa yaƙi. Ita ce kuma ta rasa ɗanta, Henryk na Biyu, a filin Legnica ranar 9 ga Afrilu 1241, lokacin da Mongol suka tarar da ƙasa a warwatse.

Sai a 1320 aka naɗa Wladyslaw Lokietek sarki a Krakow, shekara 182 bayan wasiyyar. Silesiya ba ta dawo ba a lokacin, ta faɗa hannun Bohimiya, kuma a can ne namijin ƙarshe na gidan Piast ya rasu a 1675, yana ɗan shekara 15.