Tiyatar tsagewar leɓe da ganɗa: shin tana hana fuskar yaro girma?

Waɗannan tambayoyi su ne iyaye ke ta maimaita mini a nan Jos. Ga amsoshin wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a sake turo su a WhatsApp tsakar dare.

Laifin uwa ne?

A'a. Ba husufin wata ba ne, ba maita ba ce. Leɓe da ganɗa suna haɗewa ne a watanni uku na farkon ciki, sau da yawa kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu. A duniya, kusan jariri ɗaya cikin 700 ake haifa da tsagar, wato ba su gama haɗewa ba. Surukai, a bar yarinyar nan ta ji da shayarwa.

Yaushe ake yin aikin?

Leɓe, tsakanin wata 3 zuwa 6. Ganɗa, tsakanin wata 9 zuwa 18. Amma sai yaro ya yi ƙwari, nauyinsa ya doshi kilo 5, jininsa kuma ya isa. Ku ba shi nono sosai, ko da a kofi da cokali ne, a riƙe shi a zaune.

Wanzami zai iya cire masa beli tukuna?

Kada ma a soma. Ɗan naman nan na bayan ganɗa likita na bukatarsa ranar ɗinki.

An ce ɗinkin ganɗa yana hana ƙashin fuska girma. To mu jinkirta sai ya girma?

Nan ne sai an natsu, domin maganar tana da kamshin gaskiya. Idan aka ɗinke ganɗa, wurin yana warkewa da tabo, tabo kuma ba ya miƙewa kamar lafiyayyen nama. Muƙamuƙin sama yana girma ne gaba da ƙasa a tsawon yarinta, tabon sai ya riƙe shi kamar rigar Sallar bara a jikin yaro. Muƙamuƙin ƙasa kuwa ba abin da ya taɓa shi, yana ta girmansa. Shi ya sa wasu yara, da sun doshi balaga, tsakiyar fuskarsu take shigewa ciki, haƙoran ƙasa su wuce na sama. An duba manya a ƙasar Sri Lanka waɗanda ba a taɓa yi wa tiyatar ba, aka tarar muƙamuƙinsu na sama ya girma kusan daidai. Don haka, e, tiyatar tana da hannu a ciki.

Amma fa ba kowane yaro ba ne. Wanda leɓe kaɗai ya tsage, da wuya ya gamu da wannan sosai. Wanda tsagar ta ratsa leɓe da dasashi har ganɗa, musamman ta gefe biyu, shi ya fi shiga haɗari. Girman tsagar, irin ɗinkin, ƙwarewar mai aikin, yawan sake buɗe wurin, har da gadon fuskar dangi, duk suna da tasiri. Su kansu likitocin ba su gama daidaitawa kan wane wata ne ya fi ba. Akwai asibitocin da ke ɗinke ganɗar baya da wuri, su bar ta gaba sai daga baya don a sassauta wa ƙashi, wasu kuma suna yi a lokaci ɗaya.

Ni dai ra'ayina, kada ku jinkirta da kanku. Yaro yana koyon magana ne a shekarunsa na farko. Idan ya koye ta da ganɗa a buɗe, iska na fita ta hanci, gyaran lafazin nan daga baya wahala ce babba, wani lokaci ma ba ya gyaruwa duka. Ga ciwon kunne da ke yawan damunsu. Muƙamuƙi kuwa ana iya jawo shi gaba da tiyata bayan girma ya tsaya, wajen shekara 16 zuwa 18, namiji ma yakan ɗan wuce haka. In likitanku ya ga dalilin jinkiri a jikin yaronku, ku bi nasa, shi ya duba bakin, ba ni ba.

An ɗinke, ya yi kyau. Mun gama ke nan?

Ba ku gama ba, Malam, kuma wannan ne ke ƙona mini rai. Ana sallamar ku sai ku ɓace, sai yaro ya shekara goma sha uku a dawo da shi ana cewa haƙoransa sun karkace. Idan tsagar ta taɓa dasashi, akwai dashen ƙashi wajen shekara 8 zuwa 11, kafin fiƙa ta fito. Daga ƙugunsa ake ɗiban ɗan ƙashin. In aka makara, haƙorin zai rasa inda zai kama.

Ɗiban ƙashin ƙugu ba zai gurgunta shi ba?

Ba zai gurgunta shi ba, Hajiya. Zai ɗan yi ɗingishi na kwanaki, ya warware.

Nawa ne kuɗin?

Ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a 1999, tana ɗaukar nauyin ɗinkin leɓe da ganɗa kyauta a asibitoci da dama a Najeriya. Ku je sashen tiyatar baki da muƙamuƙi a JUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko wani babban asibitin koyarwa da ke kusa da ku, ku tambaya. Ku riƙe katin asibitin da kyau, za a neme shi har yaron ya balaga.