Waiwaye: Dutsen Fir'auna da Gicciye a Hotunan Birnin Rum

Wanda ya kalli hotunan birnin Rum da aka buga a ƙarni na 17, zamanin salon gini da zane mai yawan ado da ake kira Barok, gine-gine da dandali da kekunan doki zai fara gani. Sai ya ƙura ido zai lura cewa kusan kowane dutse da magana a bakinsa.

Maganar ta faro ne daga Fafaroma Sixtus na 5. A 1586 ya sa magini Domenico Fontana ya matsar da wani dogon ginshiƙin dutse mai tsini, wanda Kaligula, sarkin tsohuwar daular Rum, ya kawo daga Masar, aka kafa shi gaban majami'ar Bitrus, aka ɗora masa gicciye. Ginshiƙin Sarki Trajan kuma aka aza masa mutum-mutumin Bitrus. Ba a farfasa waɗannan kayan masu bautar gumaka ba, sabon rawani aka naɗa musu. A lokacin 'yan Furotesta na ta sukar Rum, ita kuma tana amsawa da cewa dauloli sun zo sun wuce, ita ta gaje su.

Abin ya ƙara kauri a dandalin Navona a 1651. Gwanin sassaƙa Bernini ya tsara, mataimakansa suka sassaƙa ƙarti huɗu a madadin manyan koguna: Nilu, Ganjis, Danub da Rio de la Plata. Na Nilu an lulluɓe masa kai, don Turawa ba su san mafarinsa ba. A samansu ginshiƙi mai rubutun Masar, a can ƙololuwa kurciya da reshen zaitun. Mai ibada zai ce alamar salama ce da Ruhu Mai Tsarki. Ɗan gari kuwa ya san tambarin gidan Pamphili ce, dangin Fafaroma Innocent na 10. Tsuntsu ɗaya, aiki biyu.

To, dutse ba ya tafiya, takarda ce ke tafiya. Ana zana hoton a allon tagulla, asid ya ci layukan, a shafa tawada, a danna takarda, a fitar da ɗaruruwa. Masu ziyarar ibada da matafiya su saya su kai gida. A 1665 wani mai buga hotuna, Giovanni Giacomo de Rossi, ya fara fitar da jerin hotunan da wani matashi, Giovanni Battista Falda, ya zana na ayyukan Fafaroma Alexander na 7. Tituna fes, a miƙe, kowa cikin natsuwa. A ganina talla ce, amma tallar gwani.

Dubi dandalin Popolo, inda a da baƙi daga arewa ke shigowa. A kan ƙofar gari akwai tsaunuka shida da tauraro, tambarin gidan Chigi na Alexander. A tsakiya ginshiƙin fir'aunoni da Sarki Augustus ya kawo, da gicciyensa. Bayansa tagwayen majami'u na Maryamu, waɗanda Falda ya zana a kammale alhali magina na kan aiki, har shi kansa ya rasu a 1678 ba a ƙarasa ta biyun ba.