Injin Matsa Ƙarfe: Yadda Yake Aiki da Yadda Yake Cin Yatsu

Wane aiki injin matsa ƙarfe yake yi?

Ka dubi cokalin shayi, ko murfin kwalbar lemo, ko kwandalar da ake bayar da canji da ita a da, ko ƙofar mota. Babu maƙerin da ya zauna da masaba ya buga su ɗaya bayan ɗaya. Fallen ƙarfe aka shimfiɗa tsakanin mazubi biyu, na sama da na ƙasa, kamar taɓarya da turmi. Na sama ya sauko da nauyin tan da yawa, ƙarfen ya ɗauki siffar da aka sassaƙa a jikin mazubin. Da bugu ɗaya ana yanka, ana huda, ana lanƙwasa, ko a lotsa fallen ya zurfafa ya zama tukunya. Injin dai ƙarfi kawai yake bayarwa, gwanintar tana ga wanda ya sassaƙa mazubin, shi ya sa wani lokaci mazubi mai kyau yakan fi tsohon inji tsada.

Daga ina yake samun wannan ƙarfi?

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa, kuma wanda zai tsaya gaban injin ya kamata ya san da wanne yake aiki.

Na farko mai faifai ne. Injin lantarki yana juya wani ƙaton faifan ƙarfe mai nauyi, yana ta wulwulawa yana tara ƙarfi ko da ba a buga komai. Idan aka taka feda, kuloci ya haɗa faifan da karanshaf, shi kuma ya turo kan injin ƙasa ya ɗago shi. Sauri ne da shi, ƙananansu kan yi bugu ɗaruruwa a minti guda. Amma cikakken ƙarfinsa ba ya zuwa sai kan ya kusa kaiwa ƙasa. Idan an rubuta tan 100 a jikinsa, a ɗan wannan taƙin na ƙarshe ake nufi.

Na biyu mai mai ne, wato na haidurolik. Joseph Bramah, wani maƙerin kwaɗo a Ingila, shi ya yi rajistarsa a 1795, bisa ƙa'idar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana tun ƙarni na 17: idan ka matsa ruwa a rufaffen wuri, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Ka sa nauyin kilo 10 a kan ƙaramin fistin, idan fuskar babban ta ninka ta ƙaramin girma sau 100, zai ɗaga tan guda. Sai dai za ka biya da tafiya, domin ƙaramin zai yi inci 100 kafin babban ya motsa inci 1. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya shiga garejin kanikawa ya ga firam ɗin da mai walda ya haɗa, an kafa jak ɗin mota a ciki, yaro yana ta famfo a hankali har tsohon boris ya yi ƙara ya fice daga mazauninsa, ya ga injin Bramah da idonsa. Ba shi da sauri, amma ƙarfinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, kuma ana iya tsayar da shi ko'ina.

Akwai na zamani da injin lantarki ke sarrafa kansa kai tsaye da umarnin kwamfuta, kamfanonin Japan irin su Aida da Komatsu sun yi suna a kansa.

Yaya ake sanin tan nawa aiki yake buƙata?

Don yanka ko huda, ana ninka tsawon layin yankan da kaurin fallen da taurin ƙarfen. Huda rami mai faɗin milimita 50 a ƙarfen da aka saba walda da shi, mai kaurin milimita 3, yana neman kusan tan 17. Ba a ɗora wa inji iyakar ƙarfinsa, ana barin rara. Mai faifai idan aka fi ƙarfinsa yakan cije a ƙasa, ko firam ya tsage.

Me ya sa ƙasashe suke gasar gina manyansa?

Saboda jiragen sama. Ƙarfe yana da jijiya kamar itace. Wanda aka matsa da zafi jijiyarsa tana bin siffar kayan, sai ya fi wanda aka haɗa da ƙusoshi ƙarfi, ya kuma fi shi rashin nauyi. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun yi amfani da wannan, kuma bayan yaƙin Tarayyar Sobiyat ta kwashe mafi girman injinsu. Hankalin Amurka ya tashi, rundunar sojan samanta ta ɗauki nauyin gina manyan injuna, cikinsu har da biyu masu tan 50,000 da suka fara aiki a 1955, ɗaya a Cleveland ta jihar Ohio, ɗaya a North Grafton ta Massachusetts. Na Cleveland ya tsage a 2008, aka gyara shi ya koma aiki a 2012. Sobiyat ta gina mai tan 75,000, daga baya Sin ta zarce kowa da mai tan 80,000 a birnin Deyang.

To ina haɗarin yake?

A nan ne zuciyata take, domin waɗanda ake tsayarwa gaban wannan inji galibi yara ne matasa, sababbin ɗauka. Tsofaffin injuna masu faifai da yawa suna da kulocin da idan ya kama, ba ya saki sai karanshaf ya yi zagaye cikakke. Ka ɗaga ƙafa, ka danna jan maɓalli, ka yi ihu, kan zai sauko. Irin waɗannan ne masana'antun Turai suka yi ta sallamawa, kuma su ne suke da araha a kasuwar injunan hannu.

Ga yadda abin yake faruwa. Yaro ya yi awa shida yana abu ɗaya: sa falle, taka, cire, sa falle, taka, cire. Jikinsa ya haddace, hankalinsa ya tafi wani wuri. Sai wani yanki ya maƙale a mazubi. Ya miƙa hannu ya zaro, ƙafarsa kuma tana kan feda, ta yi abin da ta saba. Wani lokaci ma bai taka ba, makullin kulocin ne ya cinye, injin ya maimaita bugu da kansa. Abin da yake huda ƙarfe kamar takarda ba ya jin ƙashi, kuma yatsan da aka niƙa likita ba shi da abin da zai ɗinka.

Ba a ce wa mutum "ka yi hankali" a ɗauka an gama. Babu ɗan Adam ɗin da hankalinsa ba ya gushewa sau ɗaya a bugu dubu goma.

Me mai masana'anta zai yi?

Ya sa hannu ya kasa kaiwa wurin. Keji na ƙarfe kewaye da mazubi, mai ƙofar da falle zai shiga amma yatsa ba zai wuce ba, shi ne mafi arha kuma mafi aminci, mai walda na unguwa zai iya haɗa shi. A ba ma'aikaci awartaki ko sanda mai maganaɗisu don sawa da cirewa. A rufe feda ta sama da gefe don kada wani abu ya faɗo ya taka ta.

Injin da yake iya tsayawa a tsakiyar bugu ana sa masa maɓallai biyu nesa da juna, sai an danna su tare da hannu biyu. Ana kuma sa labulen haske, wanda da hannu ya ratsa shi birki zai kama. Amma a kula, labulen haske ba ya amfani a kan mai tsohon kuloci, tunda babu abin da zai tsayar. Kuma na san dabarar da ake yi don sauri, a ɗaure maɓalli ɗaya da salatif. Mai gidan da yake biyan kuɗi bisa yawan abin da aka buga, shi ya sa aka ɗaure shi.

Idan za a canja mazubi fa?

A kashe wuta, a sa kwaɗo a kan makunnin, makullin yana aljihun wanda ya shiga. A jira faifan ya tsaya cak, domin yakan daɗe yana juyawa bayan an kashe. Sannan a tokare kan injin da gungumen ƙarfe kafin kowa ya zura hannu ƙarƙashinsa.