Lissafin Tasirin Nesa a Nazarin Daskararrun Abubuwa

Lissafin tasirin nesa fanni ne na ilimin lissafi da ke nazarin yadda daskararrun abubuwa irin su ƙarfe, gilashi da kankare ke miƙewa da tsagewa, bisa ɗaukar cewa kowane ɗigo a jikin abu yana jin ƙarfin ɗigogin da ke kewaye da shi har zuwa wata tazara, ba na waɗanda ke manne da shi kaɗai ba.

Tsohon tsarin da Navier da Cauchy suka kafa a Faransa cikin shekarun 1820 ya dogara ne da diribatif, wato awon saurin canji a ɗigo guda, kuma wannan awo sai jiki yana sumul yake yiwuwa. Da zarar tsaga ta bayyana, awon ya rasa ma'ana a kanta, har lissafin ya nuna ƙarfin da ke bakin tsagar yana hauhawa babu iyaka, abin da ba ya faruwa a zahiri. Kröner a 1967, sannan Eringen da Edelen a 1972, sun shigo da tasirin nesa cikin nazarin. A 2000 ne Stewart Silling na cibiyar bincike ta Sandia a Amurka ya fito da feridainamiks, inda ya maye gurbin diribatif na wuri da intigiral, wato tattara ƙarfin duk ɗigogin da ke cikin da'irar tasiri, wadda ake kiran tazarar da ke tsakanin tsakiyarta da bakinta delta.

Aikin masana lissafi shi ne tabbatar da cewa irin wannan ma'auni yana da amsa, kuma guda ɗaya ce. Tun daga sharaɗin iyaka, wato bayanin da ake bayarwa kan abin da ke faruwa a gefen abu, lamarin ya bambanta, domin bai isa a ɗora shi a kan fatar abu ba, sai a kan wani yanki mai kauri da ya zagaye shi, kamar yadda Du, Gunzburger, Lehoucq da Zhou suka tsara a 2013. Abin da ya fi muhimmanci shi ne nauyin da ake ba kowane maƙwabcin ɗigo, wato gwargwadon tasirinsa a cikin lissafin. Idan jimillar nauyin tana da iyaka, amsar ba ta fin bayanan da aka shigar santsi, saboda haka tana iya ɗaukar yankewa. Wannan ba aibu ba ne, shi ne ainihin abin da ya ba tsarin damar kwatanta tsaga.

Wajibi ne kuma sabon tsarin ya koma tsohon idan delta ta ƙanƙance zuwa sifili. Sakamakon Bourgain, Brezis da Mironescu na 2001 ya share fagen wannan, sannan Mengesha da Du suka tabbatar da komawar zuwa ma'aunin Navier. A kwamfuta kuwa akwai tarko: Tian da Du sun nuna cewa wasu hanyoyi kan kai ga amsar da ba daidai ba idan aka rage delta da tazarar ragar lissafi (ɗigogin da kwamfuta ke rarraba abu a kansu) tare, kuma a 2014 suka fayyace sharuɗɗan da ke kare hanya daga wannan kuskure.