Me ake nufi da "maganin daina shan giya"?

Jama'a akwai wata magana da take yawo sosai a garin nan namu na Kano, a WhatsApp da Facebook da bakin kemis, wai maganin daina shan giya. Kuma yawancin masu nemansa ba su ne masu shan ba, uwa ce ko mata ko yayar mutum, za ta je kemis ta rage murya ta ce dan Allah ko akwai wanda za a zuba mai a shayi ko a miya bai sani ba, ya wayi gari kawai ya ji abin ya fita daga ransa.

Toh maganin akwai shi, ba ƙarya ba ne, amma ba guda ɗaya ba ne, kuma babu ko ɗaya a ciki da ake ba mutum a ɓoye. Idan likita ya faɗi wannan magana yawanci ɗaya daga cikin magunguna uku yake nufi, sunayensu yadda za ka gani a kwali su ne naltrexone da acamprosate da disulfiram, kowanne aikinsa daban, illarsa daban, wanda ya dace da shi ma daban. Biyun farko tun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka su cikin jerin magungunan da ta ce ya kamata kowace ƙasa ta tanada, dan haka ba wani sabon abu ba ne da ake gwaji da mu.

Mu a Kano matsalarmu ɓoyo ce. Tun da aka kawo shari'a a 2000, ga Hisba ana fasa kwalabe ana nunawa, wanda yake sha ya san idan aka ji shikenan sunansa da na gidansu ya ɓaci, sai ya koma sha a cikin mota ko a lungun Sabon Gari ko ƴan ƙananan ledojin nan da ake sawa a aljihu, shekara da shekaru babu wanda ya sani sai ranar da ido ya yi ɗorawa ciki ya kumbura sannan a kwasa sai asibiti. Haramcin giya babu mai jayayya a kai, amma wanda jikinsa ya riga ya kamu rashin lafiya ce a tare da shi, wa'azi yana da gurinsa magani ma yana da nasa. Akwai sahabin da aka riƙa kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana ya ce kada a la'ance shi domin yana son Allah da Manzonsa, hadisin yana cikin Bukhari. Wallahi da haka muke riƙon masu wannan larura da da yawa sun zo asibiti tun hantarsu da sauran ƙarfi.

Kafin a zo kan magungunan ukun sai an fahimci wani abu. Mutumin da ya daɗe yana sha da yawa kullum, hatsari ne ya tsaya cak rana ɗaya. Ƙwaƙwalwarsa ta saba giya tana danne ta, da an janye sai ta zabura, cikin awa 6 zuwa 24 hannu ya fara rawa, gumi, amai, faɗuwar gaba, rashin bacci, wani a kwana biyun farko ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, wani a kwana na biyu zuwa na uku ya rikice ya fara ganin abubuwan da babu su yana sambatu, a nan ne za ka ji an ce aljanu ne ko asiri aka yi mai, a kulle shi a ɗaki ko a kai shi gidan mari, alhali wannan rikicewar tana kisa idan ba a kula da ita a asibiti ba. Wannan matakin maganinsa daban, likita yana ba da irin su diazepam na ƴan kwanaki yana ragewa a hankali, da bitamin B1 saboda kare ƙwaƙwalwa. Magungunan nan uku ba sa maganin rawar jikin, nasu aikin shi ne kada a koma. Ana duba wannan a sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba yana nufin mutum ya haukace ba.

Naltrexone shi ne na rage ƙawa. Idan mutum ya sha giya ƙwaƙwalwa tana sakin wasu sinadarai masu sa jin daɗi, su ne suke sa kwalba ɗaya ta kira ta biyu ta biyu ta kira ta shida. Maganin yana toshe gurin da sinadaran suke sauka, sai giyar ta zama kamar miya ba gishiri ba magi, mutum zai iya sha amma abin da yake nema a ciki ba ya samu, a hankali tunaninta ya ragu. Ba ya sa amai dan an sha giya a kansa, kuma ba ya hana maye, wanda ya sha ya hau tuƙi zai iya kashe mutane kamar kowa. Ƙwaya ɗaya ce ta miligiram 50 a rana, akwai kuma allurarsa ta wata-wata. An amince da shi a Amurka dan matsalar giya tun 1994. Wasu likitocin suna ba wanda bai iya tsayawa gaba ɗaya ba ya sha ƙwayar kamar awa ɗaya kafin lokacin da ya saba sha, da nufin shan ya yi ta raguwa. Na san wani zai ce ai wannan ɗaure wa shaye-shaye gindi ne, ni ban gan shi haka ba, burinmu dai a daina kwata-kwata, amma wanda ya sauko daga kwalba goma zuwa biyu ya fi kusa da dainawa, hantarsa ta samu sauƙi, iyalinsa ma sun samu.

Illolinsa na yau da kullum su ne tashin zuciya, ciwon kai, jiri, kasala, wani bacci ya yi mai yawa wani kuma ya ƙi zuwa. Yawanci a satin farko ko na biyu suke damun mutum sai su lafa, amma daidai nan ake yar da maganin a ce bai karɓe ni ba. Tashin zuciyar yana raguwa sosai idan ba a sha da cikin yunwa ba, a ci abinci tukunna, kuma likitoci da yawa suna fara wa mutum da rabi, miligiram 25, na ƴan kwanaki kafin a kai cikakke. Wanda yake sa shi bacci ya mayar da shi dare, wanda yake hana shi bacci ya mayar da shi safe. Ɗan adaidaita sahu ko direba ko mai aiki da inji ya bari ya ga yadda jikinsa ya ɗauke shi kafin ya kama aiki. Ciwon kai kuma kada a yi ta watsa mai farasitamol ba lissafi, hantar mai shan giya ba ta jure shi kamar ta kowa. Ana gwajin hanta kafin a fara kuma a riƙa maimaitawa, musamman da yake ciwon hanta nau'in B yana da yawa a cikinmu kuma mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba. Idan ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko ciwo ya kama gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, a tsayar da maganin a tafi asibiti a ranar. Haka idan mutum ya ji baƙin ciki ya lulluɓe shi har yana tunanin gara mutuwa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, a faɗa wa likita da wani na kusa.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali game da naltrexone a garin nan shi ne tiramol da kodin. Gurin da maganin yake toshewa a ƙwaƙwalwa nan ne dai waɗannan ƙwayoyin suke aiki, kuma mun sani samari da yawa ba giya kaɗai suke sha ba, haɗawa suke, duk da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018 bai ɓace ba. Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin ko allurar kashe zafin nan ta penta idan ya haɗiyi naltrexone cikin ɗan lokaci kaɗan zai shiga wata irin azaba, amai da gudawa da gumi da murɗawar ciki da ciwon gaɓoɓi lokaci guda, har ta kai a kwantar da shi. Shi ya sa sai an yi aƙalla kwana 7 zuwa 10 babu su a jiki kafin a fara. Dan Allah ɗan'uwa idan likita ya tambaye ka me da me kake sha, faɗa mai gaskiya, ba Hisba ba ne ba ɗan sanda ba ne, kuma sirrinka amana ce a gurinsa. Iyaye ku ma ku ba su guri su gana su biyu, yaro ba zai ambaci tiramol a gaban mahaifinsa ba.

Wannan toshewar tana da wani gefen kuma. Mai shan naltrexone idan ya yi hatsari ko za a yi mai tiyata, allurar kashe zafi mai ƙarfi irin su mofin ba za ta kama shi yadda ya kamata ba, dan haka ya rubuta a ƴar takarda ya sa a walat cewa yana kan wannan magani. Masu sikila da ciwo yake tasar musu su buƙaci irin waɗannan allurai, su dole likita ya san da larurar tun farko dan ya duba musu wani zaɓin. Sannan wanda ya bar maganin ya koma tiramol da adadin da ya saba a da, jikin ya riga ya manta, adadin nan zai iya tsayar mai da numfashi.

Acamprosate maganarsa ba ta da tsawo. Na wanda ya riga ya tsaya ne, yana kwantar da zaburar ƙwaƙwalwar nan da take ci gaba watanni, rashin sukuni da rashin baccin da suke mayar da mutum ruwa. Ba ta hanta yake bi ba, ta ƙoda yake fita, dan haka ya fi sauƙi ga mai matsalar hanta, amma mai ciwon ƙoda sai an gwada an rage mai ko a hana shi. Ba ya faɗa da tiramol ko magungunan kashe zafi. Wahalarsa yawan sha, ƙwaya biyu sau uku a rana, ga gudawa da yake sa wasu a farko, a nan sai a dage da ruwa da haɗin gishiri da sukari musamman lokacin zafin Afrilu da Mayu, idan ta ƙi tsayawa likita ya rage adadin. Da azumi naltrexone ba matsala tunda sau ɗaya ne, bayan buɗa-baki ko da sahur, shi kuma wannan sai an zauna da likita tun cikin Sha'aban an tsara.

Sai disulfiram, wasu sun fi saninsa da Antabuse, shi ne tsohon cikinsu tun wajen 1950 ake amfani da shi, kuma shi ne ainihin abin da iyayenmu mata suke nufi idan suka ce a ba su na zubawa a abinci. Shi ba ya taɓa ƙawa ko kaɗan. Hanta tana narka giya ne hawa biyu, a hawan farko giyar tana komawa wani sinadari mai guba, a na biyu a kashe gubar, maganin sai ya tare hawa na biyun, dan haka duk wanda ya sha giya a kansa gubar taruwa take, cikin minti 10 zuwa 30 fuska ta ɗau zafi, kai ya sara, amai, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya yi wuya, jini ya sauka. Amfaninsa gaba ɗaya yana ga sanin, mutum ya haɗiya da safe da hannunsa ya san yau ƙofa a rufe take. Hajiya idan kika zuba mai bai sani ba, zai fita ya sha yadda ya saba, kwalba biyar ko shida a kan magani, idan yana da ciwon zuciya ko hawan jinin da ba a gano ba za a iya kawo miki gawarsa. Na san soyayya ce da gajiya suke sa a yi tunanin haka, amma dan girman Allah kada a yi, kuma duk mai kemis ɗin da ya miƙa shi dan a zuba wa wani ya ci amanar sana'arsa.

Wanda ya yarda da kansa zai sha, ba a farawa sai giya ta bar jiki, aƙalla awa 12 wasu likitocin ma kwana guda suke cewa, kuma bayan an daina ƙarfinsa yana nan a jiki har kusan sati biyu. Sai ya kula da abubuwan da ake sa barasa a ciki ba a lura, wasu magungunan tari na ruwa, ruwan kuskure baki, bitas ɗin kwalba da ake tallansu da sunan maganin basir ko ƙarfin maza, har turaren feshi da sanitaiza suna tayar wa wasu. Kada a haɗa shi da Flagyl, yana iya rikita tunani. Yana sa bacci da ɗanɗanon ƙarfe ko na tafarnuwa a baki, waɗannan da sauƙi, amma idan ƙafa ko hannu suka fara mutuwa ko tsikari, ko ido ya canza launi, a tsaya a ga likita. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu da wanda ya taɓa samun taɓin hankali mai tsanani ba a ba su.

Game da tsawon lokaci, ana maganar wata 6 zuwa shekara ne, wani ma fiye, ba na sati biyu ba ne. Ba kowa yake yi wa aiki ba, wani na farko ya ƙi na biyu ya karɓe shi, kuma ya fi tasiri idan ana haɗawa da zama da mai ba da shawara, da canza majalisa da abokan fita. Idan aka zame aka sha ana kan naltrexone ko acamprosate ba a yar da ƙwayar, a ci gaba da sha a koma gurin likita a faɗa mai yaushe ne kuma me ya jawo. Idan kuma zamewar ta yi kwanaki ana sha da yawa, kada a sake tsayawa cak a gida, a koma asibiti a sauko da mutum a hankali kamar karon farko.